Ƙasar da ke Ƙarƙashin Balasa

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kuma ban ga laifinku ba. Kuna cewa shekarar da aka rushe unguwarmu Ammariyya a Jidda, Inna ta juya wa yayanku baya saboda ciyawa, ta bar masa gida mai sanyi a Safa ta koma Khumra cikin hayaƙin manyan motoci. Har jikokina sun haddace, in ɗayansu ya kafe a kan abu sai a ce ya yi gadon mai balasa. Ina ji, wani lokaci har in taya ku dariya. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ba na jin na yi nisa da ƙofa. Bari in faɗa muku tun daga farko, kada in ja muku rai. Ba ciyawar ba ce. Ƙasar da ke ƙarƙashinta ce, a cikinta aka binne cibiyar 'yar'uwarku Hauwa.

Ku da kuka tashi a Jidda ba ku san balasa a garinsu ba. Can Sudan, a ƙauyenmu na bakin kogi, abincin awaki ce. Kara gare ta mai gaɓa-gaɓa, da ɗan fure shuɗi wanda bai fi farcen jariri ba, ya buɗe da sassafe, kafin azahar ya narke. Manomi ya tsane ta, don in ya nome ta ya yar, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Da babanku ya aiko in biyo shi, ina goye da yayanku, mahaifiyata ta cika gwangwanin mai da ƙasar bayan ɗakinta, ta dasa mini ɗan lalle a ciki don in riƙa tunawa da gida. A cikin jirgin ruwa mata na rungume da akwatunansu, ni ina rungume da gwangwani. Lallen bai ga damina ba, ruwan tanka mai gishiri ya ƙone shi. Balasa, wadda ba wanda ya gayyace ta, ita ce ta leƙo daga gefen gwangwani ta ce ga ta.

Babanku yana dako a rumbunan kaya a lokacin. Shi ya kawo mini rabin barmil, irin babbar gangar nan ta ƙarfe, muka hau da shi saman bene, muka juye ƙasar gida a ciki, muka ƙara da yashi da kashin tumaki. A nan na koyi halinta. Ba ta son ruwan tanka, sai ruwan wankin shinkafa, daga baya da muka samu mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na tara mata wanda yake ɗiga. Ba ta son rana ta dake ta tun daga safe har yamma, sai na jingine ta da bangon da ke kare ta bayan azahar. In zafi ya kai zafi, irin wanda in ka taɓa ƙyaure sai ka janye hannu, sai ta bushe ƙurmus ta zama kamar tsohuwar tsintsiya. Sai in aske ta ƙasa-ƙasa, in lulluɓe da buhu, in riƙa ba ta ruwa kaɗan. Wanda bai sani ba zai rantse ta mutu. Da iska ta juya sai ka ga kore ya tsattsago. Maƙwabciyarmu Hajiya Asabe, tsohuwar da ke karɓar haihuwar matan unguwa, in ta hau shanya ba ta ƙyale ni.

"Ke Rabi, mutane na zuwa ƙasar nan su koma da zinariya, ke kin ƙetaro teku da abincin akuya. Ina akuyar?"

"Ga ta nan tana shanya, Hajiya."

"Ja'ira! Bari cikin nan naki ya tashi, za ki neme ni."

Na kuwa neme ta. A ɗakinmu na haifi Hauwa, don a lokacin iƙamata, takardar izinin zama, ba ta fito ba, asibiti ba wurin zuwana ba ne. Kafin suna cibiyarta ta faɗi, na naɗe a farin ƙyalle na rasa inda zan kai ta. A garinmu bayan ɗaki ake binnewa, don yaro ya san yana da wuri a duniya. A nan ko ina ka duba siminti ne. Hajiya Asabe ce ta ce ga ƙasar uwata can a sama, me nake nema kuma. Muka hau, ta tona da cokali a tsakiyar balasa, ta yi bisimilla, muka rufe. Da na gaya wa babanku sai na ga fuskarsa ta canja. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Rabi, nan ba gida ba ne. In aka ji baƙuwa ta binne ƙulli a cikin ƙasa, ba cibiya za a kira shi ba, sihiri za a ce. Kin ga abin da ya sami matar nan ta bayan masallaci a kan laya guda. Yi mini alkawari ba za ki gaya wa kowa ba, ko yaran nan. Bakin yaro ba shi da ƙyaure."

Na yi masa alkawari.

Hauwa ta yi wayo har ta fara haɗa magana. In na hau ba da ruwa tana biye da ni, ta tsinke furen ta murje, yatsunta su yi shuɗi, ta miƙo mini ta ce ta sa lalle. Yayanku shi ne dokinta, a wuyansa take hawa matakala. Zazzaɓi ya kama ta ranar wata Laraba, kafin Juma'a ta zagayo an naɗe ta a likkafani. Maza suka fita da ita, ni na tsaya a bakin ƙofa, don kun sani a nan mace ba ta shiga maƙabarta. Kabari ba suna, ba alama, in shekaru sun ja kuma a sa wani a wurin. Na tambayi babanku ina suka kwantar da ita, ya ce kusa da katanga. Wace katanga? Bai iya gaya mini ba. Tun daga nan kowace safiya in na idar da salla sai in ɗauki buta in hau. Ban taɓa roƙon ƙasa komai ba, Allah shi ne shaidata, shi nake roƙa. Amma uwa tana bukatar wurin da za ta tsuguna. Ke Maryam a asibiti na haife ki bayan haka, su suka yi yadda suka so da cibiyarki, shi kuma yayanku tasa tana can Sudan. Ta Hauwa kaɗai ce a hannuna.

Akwai wani abu kuma da dole ku gane, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Yayanku ɗan fari ne. Yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta zama ta yi hira da shi. Kunya ce, kuma a wurinmu girmamawa ce. Uwata haka ta yi wa nata, ba wanda ya ce ba ta son shi. Amma shi ya tashi cikin yaran Jidda, yana ganin iyayensu mata na kiransu ya habibi, suna sumbatar goshinsu a bakin titi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda shirun nawa yake sauka a kunnensa ba.

Shekarar rusau, da zafi ya tsaya sosai, muka wayi gari an fesa jan fenti a bangonmu. An riga an yi wa unguwannin da ke kusa da mu, mun san ma'anarsa. Layinmu ya fara zubewa kamar haƙoran tsoho. 'Ya'yan Hajiya Asabe, ita ta daɗe da rasuwa, su suka fara kwashewa, ba a jima ba gidansu ya zama tulin duwatsu a bayan namu. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yawo suna ɓalle ƙyamare da tagogi. Kyanwoyi sun cika kangwaye suna kuka kamar jarirai. Yayanku, Allah ya saka masa, ya kama shaƙƙa, sashen haya a gidan bene, a Safa mai ɗaki na musamman saboda ni da babanku. Ya zo da matarsa Samira su duba kayan da za a ɗauka, suka same ni a sama gaban barmil. Lokacin balasa tana cikin barcinta, ba komai sai busassun kara da buhu.

"Inna, wannan halas, ya ƙare, ya mutu. Ga shi gindin duk tsatsa, in aka ɗaga zai fashe a matakala."

Ban dube shi ba, Samira na duba.

"Gaya wa mijinki ba ta mutu ba. Kuma ƙafata ba ta barin gidan nan sai da shi."

"Khala, wallahi can ba wuri," in ji Samira, da Hausarta mai ɗanɗanon Larabci. "Mai gidan ko takalmi bai yarda a bari a matakala ba. Zan saya miki fure na roba, masu kyau, ba ruwa ba wahala."

"Ki saya wa mijinki tuwon roba ma, ba girki ba wahala."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya tsuguna ya ɗaga buhun, ya daɗe yana kallon kararen, ya ce in sha Allahu, suka sauka. Babanku yana jin mu daga ƙasa. Na so ya yi magana ranar, shi da ba kunya tsakaninsa da ɗansa. Daga baya ya gaya mini ya yi niyyar samo masu dako daga cikin tsofaffin abokan aikinsa su saukar mini da barmil ɗin a hankali, ba sai an yi bayani ba.

Bai samu ya yi ba. Wuta ta fara ɗaukewa a layinmu, mukayyif ya tsaya, shi kuma ga ciwon suga ga gyambo a ƙafa. Wata azahar ya tashi alwala ya yanke jiki ya faɗi. Aka kwantar da shi a asibiti, ni na tare a gefensa. Ina can ina ba shi ruwa a cokali wa'adin gidan ya cika. Yayanku ya kwashe kaya shi kaɗai, bai so ya ɗaga mini hankali ba. Da ya zo ɗaukata in je in yi wanka in huta, sai na ga mota ta miƙe arewa maimakon Ammariyya.

Har yau ina ganin fuskarsa a ƙofar shaƙƙar nan. Mutum mai furfura a gemu, amma yana rawar jiki kamar yaron da ya ɓoye wa uwarsa tsaraba. Ya wuce gaba zuwa kicin, ya tsaya gefen taga. Fararen tukwane ne a jere, sababbi, cike da baƙar ƙasa mai laushi irin ta leda, ga saiwoyin balasa an dasa an shayar. Hannayensa duk filasta.

"Kin ce ba ta mutu ba, Inna, na yarda. Da hannuna na tono su ɗaya-ɗaya, barmil ɗin ma ya yanke ni. Na kai wa mai sayar da furanni, ya ce tsohuwar ƙasar ta sha gishiri, ita ke wahalar da su. Wannan daga waje ake kawo ta."

Na dubi tukwanen, na tambaye shi.

"Ina ƙasar?"

"Wace? Ta cikin barmil? Mun juye ta ta bayan gida, kan kangon su Hajiya Asabe. Ƙarfen kuma masu gwangwan sun ɗauka."

Ya tsaya yana jiran abin da zan ce. Na ce Allah ya yi albarka. Shi ke nan abin da ya fito. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Da na koma asibiti na sunkuya na gaya wa babanku a kunne. Ya rufe ido, hawaye suka gangara cikin kunnensa.

"Faɗa masa, Rabi. Na kwance miki alkawarin. Ni na jawo, tsorona ya jawo."

"In faɗa masa me, Malam? Cewa ya juye ƙanwarsa a kan juji da hannunsa? Ka manta yadda yaron nan ya ƙi abinci da ta rasu, har ka riƙa yi masa tofi?"

"To zai ɗauka ba ki gode ba."

"Gara ya ɗauka haka."

Wannan shi ne abin da na zaɓa, ba wanda ya sa ni. Na ga in na yi shiru zai ji haushina, in na yi magana zai ji haushin kansa, na ga nawa ya fi sauƙin ɗauka. Ban san nauyinsa ba sai da na aza. Babanku bai fito daga asibitin nan da ƙafarsa ba. Na shiga takaba a Safa, a gidan da ba inda za ka juya ba ka ga tagar kicin ba. Balasa kuwa ba ta san kowa ba. Ta samu sanyi da ƙasa mai daɗi ta yi ƙiba, ta zubo har gefen tukwane, ta yi furen da ba ta taɓa yi mini ba duk shekarun da na yi ina bautarta. Kowace safiya shuɗin nan yana kallona, ba komai a ƙarƙashinsa. Na kasa ba ta ruwa. In zan shiga kicin sai in kawar da kai. Samira ta lura, ta haƙura, ta haƙura, ranar nan ta kasa.

"Khala, haram alaiki. Ya yanka hannunsa saboda ke, sai da aka yi masa allura. Ko sau ɗaya ba ki taɓa tukwanen nan ba. Me kike so ya yi?"

Ashe yana bakin ƙofa. Ya shigo ya tsaya a gabana, inda ba zan iya kauce masa ba.

"Bar ta, Samira. Ba yau aka fara ba. Inna, tun ina yaro ba ki taɓa kiran sunana ba. Maryam ki kira ta, har kyanwar gida kin sa mata suna. Na ce ko in na kawo miki ciyawar nan za ki dube ni sau ɗaya. Me na yi miki?"

Amsa biyu ce a bakina, ɗaya kunya ta riƙe, ɗaya na riƙe da kaina. Na sunkuyar da kai ina murza carbi. Ya jira, ya jira, ya ɗauki makullin mota ya fita. Tun daga ranar in ya shigo sai ya yi sallama daga nesa, kamar mai gaida maƙwabciya.

Ina cikin takabar aka yi ruwan sama, irin na Jidda mai cika tituna. Na tsaya a taga ina kallo, zuciyata na can Ammariyya. Na san komai ƙoƙarin mutum ba ya tsince balasa kaf, dole akwai gaɓoɓi da iri a ƙasar da aka juye. Amma mai takaba ba ta yawo. Na zauna ina roƙon Allah kada a zuba kwalta kafin in fita. Washegarin da na fita, Maryam, kin tuna, na sa ki kika kai ni da sassafe, na ce miki ina son ganin tsohuwar unguwa. Ba unguwa. Fili ne fetal har inda ido ya tsaya, an kwashe duwatsu an baje ƙasa, sai masallacinmu kaɗai a tsaye kamar wanda aka manta da shi. Daga ƙofarsa na kama hanya, na bi yadda ƙafata ta saba, nan shagon mai burodi, nan kwana, nan famfo. Na tsaya inda nake zaton gidanmu ne, ban ga komai ba sai fasassun tayil. Na yi ta zagayawa, rana na hawa, na san in ta yi sama furen zai rufe in rasa alama. Sai ga shi can gaba, shuɗi kaɗan a cikin toka.

Na ƙarasa da sauri, amma ba wuri ɗaya ba ne. Motar baje ƙasa ta ja ƙasar barmil ta watsa, ga tsiro nan, ga wani can, ga wani can nesa, a jere bisa sawun taya. Ba yadda za a yi in san inda ƙyallen ya faɗa, in ma akwai sauran ƙyalle bayan shekarun nan. Na durƙusa na fara tona da hannu, ina zubawa a buhun shinkafar da na ɓoye cikin abaya. Daga kowane tsiro na ɗebi kaɗan, da saiwa da ƙasa da gutsuren siminti.

"Inna, don Allah tashi, mutane na kallo. Ga irinta can cike da tagar Yaya!"

Wani mai gadi ya taho yana ɗaga hannu.

"Yalla ya hajja, an hana shiga nan!"

Na ce masa yanzu, ɗana, ban fasa ba sai da buhun ya yi nauyi. Ya dubi farcena da ke jini, ya juya baya ya yi kamar yana waya. Ban san ko akwai Hauwa a cikin buhun nan ba. Har yau ban sani ba. Da muka sake bi ta wurin bayan sallar layya an kewaye shi da kwano, ba shuɗi ko ɗigo.

Ba zan iya shiga Safa da buhun ba. Ina zan ajiye shi, gefen fararen tukwane? Ya ga na bar tasa na je na kwaso ta juji? Shi ya sa na ce ki wuce da ni gidanki a Khumra, na ce miki kwana biyu zan yi. Ga shi ban koma ba. Ya ɗauka gudunsa na yi. Yana zuwa da salla, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ajiye leda, ya ce Inna ina kwana, in ce lafiya lau, ya tashi. Ranar sallar da ta wuce da ya miƙe sai da ya dafa bango, na ga shi ma ya tsufa. A ranar na gane in na tafi da shirun nan, abin da zan bar masa ya fi abin da na kare shi daga gare shi ciwo.

Balasar tana nan a bayan ɗakina cikin tsohuwar robar wanki, ƙarƙashin inda mukayyif ke ɗiga. Ƙasar ba ta da kyau, duk tsakuwa, furen ma ƙanana take yi. Bayan raina kai ɗan farina za ka ɗauke ta, ba Maryam ba, don kai ne dokin Hauwa. In zafi ya zo za ta bushe, kada ka bari kowa ya ce maka ta mutu. Ka aske ta, ka lulluɓe, ruwa kaɗan da safe. In robar ta fashe ka sake roba, amma kada ka sake ƙasa.

Ka tono saiwar da hannunka har ka yi jini saboda na ce ba ta mutu ba. Na gani. Na dube ka ranar, kai ne ba ka lura ba. Ba ka yi mini komai ba sai alheri, Usman.